Yaya da Sabar Injiniya

Yayata ce babba a ɗakinmu, ni ce auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta sa tun ina ƙarama nake ganin ta kamar uwa. Ba mai yawan magana ba ce. In ana hira ita ce mai gyaɗa kai, in ana rigima ita ce mai tashi ta ɗora ruwan shayi. Ta koyi buga keken rubutu tun lokacin da sai ka sa ƙarfin yatsa kafin harafi ya fito, ta samu aiki a wani shagon fotokwafi kusa da kotu, tana buga wa mutane takardun neman aiki. A nan mijinta ya gan ta. Shi mai gyaran kwamfuta ne, an kira shi ya duba injin shagon. Ya gyara shi a ranar, amma ya yi ta dawowa wai akwai sauran aiki. Kowa Injiniya yake ce masa, duk da bai taɓa zama ajin injiniyoyi ba. Shi kuma Sakatariya yake kiran ta, bai daina ba har 'yarsu tilo ta girma ta yi aure a wani gari mai nisa.

Bayan aurensu suka kama shagon kansu a bakin titi, ɗaki biyu. A na gaba akwai kanta, da injin fotokwafi, da bencin masu jira, da kwamfutar Yaya. Na baya ƙarami ne, taga ɗaya gare shi, kuma rabinsa wayoyi ne da matattun kwamfutocin da masu su ba su dawo sun karɓa ba. A can kan wani teburin ƙarfe saba take. Baƙar kwamfuta ce mai kauri, ba a kashe ta, fanka na kaɗa mata iska, batura suna jere a ƙarƙashinta saboda in an ɗauke wuta.

Na taɓa tambayar Injiniya mene ne aikinta da har take da fanka nata na kanta, alhali mu muna gumi a gaba.

Ya ce, "Auta, gidan haya ne. Duk wanda yake son shafinsa a intanet sai ya samu inda zai ajiye shi. Masu hali gida guda suke kamawa. Mutanenmu kuwa ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. In ɗaya ya tara baƙi, sauran ma sai sun ji a jikinsu."

Na ce, "Ashe mai gidan haya ne mijin Yaya, ban sani ba nake raina shi."

"Ni mai gadi ne. Mai gidan tana waje, ita ke karɓar gaisuwa."

Gaskiya ya faɗa. 'Yan hayar nan duk Yaya ce ta san su. Akwai wata makarantar kuɗi da ke saka sakamakon jarrabawa a shafinta, ita ce babbarsu, kuma abin da take bayarwa shi ke riƙe layin intanet da man janareta. Akwai mai kyamis na kan kwana, da ƙungiyar teloli masu saka hotunan ɗinki, da wata mai turare, da ƙaramin masaukin baƙi, da wani lauya, da wasu ƙananan da ban riƙe ba. Yaya ke karɓar hotuna, ta buga rubutu, ta saka a shafi, ta lallashi mai fushi. Cikin injin kuwa na Injiniya ne. Ko ƙura za a share, shi yake sharewa. In aka tambaye ta abin da ya shafi ciki sai ta ce, "Na saba da saba, amma daga bakin ƙofa."

Ba su yi arziki ba, ba su kuma roƙi kowa ba. A haka shekaru suka yi ta tafiya.

Ni malamar firamare ce, kuma shagon yana kan hanyata, don haka kusan kullum in an tashi nake biyawa. Ran da abin ya faru ban je ba tukuna, Yaya ce ta ba ni labari. Da safe ne, bayan sun buɗe shago, ya shiga ɗakin baya ya duƙa zai jona wata waya. Ta ji shiru ya yi yawa, ta leƙa, ta tarar da shi a kwance gefen batura, bakinsa ya karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne ya buge shi. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi, rubutu ma ya bi ta. Kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa: madalla. In yana jin ƙishirwa, madalla. In mai yi masa gashin jiki a asibiti ya murɗa masa hannu ya ji zafi, madalla. Likita ya ce yana jin duk abin da ake faɗa, yana ganewa, hanyar fitowar ce ta toshe.

Da aka sallame shi, Yaya ba ta da mai zama da shi a gida, sai ta riƙa turo shi shago a keken marasa lafiya. Ta yi masa wuri kusa da kanta, inda zai ga titi. Masu zuwa fotokwafi su gaishe shi, ya amsa da kalmarsa, wanda bai sani ba ya ɗauka dattijo ne mai yawan godiya. Saba kuwa ta ci gaba da aikinta ba tare da an taɓa ta ba, har Yaya ta fara sakin jiki.

Wata rana da azahar ina zaune a benci ina duba littattafan 'yan ajina, sai Injiniya ya fara dukan hannun kekensa da hannun hagu. Yaya ta kawo ruwa, ya kau da kai. Ta ce ko banɗaki ne, ya ƙara duka. Yana ta nuna ɗakin baya da haɓa. Ta tura shi ciki, na bi su. Ya ɗaga hannu alamar mu yi shiru. Ƙarƙashin ƙarar fanka sai muka ji wani sauti daga cikin saba, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera na gurgurar katako, ya tsaya, ya sake.

Ya dubi Yaya, idonsa ya ciko. Ya ce, "Madalla."

Injiniya yana da ɗan wa da ke aikin kwamfuta a wani banki a babban birni. Bature ake ce masa tun yana yaro, saboda yadda yake cusa Turanci a kowace magana. Shi Yaya ta kira. Ya sa ta kara wayar a jikin injin, ya saurara.

Ya ce, "Anti, faifan ajiya ne, inda kayan mutanen nan duka suke. In ya fara wannan kukan, sallama yake yi. Kuma ba shi kaɗai ba, injin gaba ɗaya ya tsufa. Ko kin sa masa sabon faifai, gobe wani wurin zai ɓalle. Wani za ki nema."

"Yaushe zai mutu?"

"Zai iya kai wata. Zai iya tafiya kafin mu ajiye wayar nan."

Yaya ta zauna a kan wata matacciyar kwamfuta.

Bature ya ce in shawararsa za a bi, a kashe sabar kawai, a kama haya a wurin manyan kamfanonin waje, kowa haka yake yi yanzu. Ta tambayi yadda ake biya. Ya ce duk wata, da kuɗin waje, ta kati. Ta ce 'yan hayarta shekara-shekara suke biya, wasu ma sai sun tuna, kuma in canji ya tashi ba ta da bakin zuwa ta ce musu su ƙara. Sai ta rage murya, duk da Injiniya yana gefenta yana ji, ta ce, "Kuma in na kashe ta, me zan ce wa Baffanka?"

Abin da ke hannunta kuɗin babur ɗin Injiniya ne, wanda ta sayar tunda ba mai hawa. Magani da gashi sun riga sun ci rabinsa. Da ragowar muka tafi kasuwar 'yan kwamfuta ranar da ba ni da makaranta, muka bar Injiniya wurin mai shagon da ke maƙwabtaka da su.

Layukan kasuwar matsattsu ne, kwamfutoci jibge har rufi, warin dalma ya cika ko'ina, kowa na kiran mu mu zo mu gani. Yaya ta wuce kai tsaye shagon Dogo, tsohon abokin cinikin Injiniya. Ya miƙe ya ba ta kujerarsa, ya tambayi mai jiki, ya yi ta jinjina kai. Da ta faɗa masa abin da ya kawo ta da abin da take da shi, sai ya sosa ƙeya.

Ya fara janyo wata doguwar na'ura mai faɗi kamar ƙyauren kabad, sai da maƙwabcinsa ya kama masa suka ɗora ta a kan tebur.

"Hajiya, wannan ce sabar gaske. Wani kamfani ne ya canza nasa ya sayar. Ko gari guda kika ɗora mata za ta ɗauka, kuma zan bar miki ita a yadda kike da shi."

Ya kunna. Ta yi wani irin gunji kamar injin niƙa, har masu wucewa suka waiwayo. Yaya ta jira ya kashe.

"Wuta fa?"

"Tana ci, ba zan ɓoye miki ba."

"Baturanmu za su riƙe ta?"

"Na san baturan Injiniya, ni na sayar masa. Kamar ki ba raƙumi ruwa a cokali ne."

Ya mayar da ita. Ya ɗauko wata ƙarama, irin ta ofis, an yi amfani da ita amma da sauranta. Ba ta da ƙara, ba ta cin wuta. Kuɗin Yaya sun saye ta har da ɗan saura. A kan sauran nan ne aka tsaya. Dogo ya ajiye abu biyu a gabanta: wani siririn allo kore mai tsawon yatsa da ɗoriya, da wani faifai mai kama da ƙaramin littafi na ƙarfe.

Ya ce, "Wannan shi ne ram. Shi ne faɗin teburin da injin yake baza aiki a kai. Wanda ke cikinta yanzu kaɗan ne. In mutane suka zo da yawa lokaci ɗaya sai a yi layi, in layi ya yi tsawo a yi turmutsitsi, kowa ya faɗi. Wannan kuma faifai na biyu ne. Duk abin da aka rubuta a na farko sai a rubuta a cikinsa. In ɗaya ya mutu, ɗayan yana nan, ba a yi asarar komai ba."

"Wanne ya fi?"

"Duka."

"Kuɗina ba su kai duka ba."

"To Hajiya, ke kika san mutanenki. Da Injiniya ne ai ba sai ya tambaye ni ba." Yana faɗa ya ga fuskarta, sai ya sunkuyar da kai ya hau goge teburin da ba ƙura a kai.

Ta kira Bature daga nan. Ya ce ram, ba tantama, jinkiri shi ke korar mutane. Dogo ya ce shi dai ya ga masu kuka a shagon nan, kuma duk faifai ne ya sa su kuka. Mai batura da ke shago na gaba, wanda ba a tambaye shi ba, ya leƙo ya ce dukansu sun bar jaki suna dukan taiki, in ba wuta ba saba, baturi za ta saya. Kowannensu ka saurare shi sai ka ga shi ke da gaskiya. Ni dai ina riƙe da jakar Yaya.

A ƙarshe Dogo ya ce ta ɗauki injin, ta tafi da ram ɗin da faifan duka ta nuna wa Injiniya, wanda ba a zaɓa ba ta dawo masa da shi.

Da muka koma shago ta durƙusa gaban kekensa kamar mai gaida suruki. Ta faɗa masa komai dalla-dalla, yadda Dogo ya ce, yadda Bature ya ce, da abin da ya rage. Ta ɗora masa su a cinya. Ya ɗauki ram ɗin da hannun hagu, ya juya shi, ya kawo shi kusa da ido yana duba ƙananan rubutun jikinsa. Na ga fuskarsa ta dawo irin ta da, ta mutumin da ya san abin da yake kallo. Ya ajiye, ya ɗauki faifan, ya jinjina nauyinsa. Ya buɗe baki.

"Madalla."

"Wannan ɗin?"

Ya girgiza kai.

"To ram ɗin?"

Ya sake girgiza kai, ya ɗaga hannu yana nuna wajen ɗakin baya.

"Baturan?" Yaya ta tambaya. "Fanka? Tsohuwar sabar? Akwai wani abu a cikinta da za a cire? Ko taga kake so in buɗe?"

Kowanne ta faɗa sai ya ce madalla, wani da ƙarfi, wani a hankali, kansa na gyaɗawa yana kuma girgizawa har ba ka iya bambancewa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Muka tura shi ciki, ya yi ta nuni, ya bi ta kan tebur, ya bi ta kan bango, ya bi ta kan tarin matattun kwamfutoci. Daga baya ya saki hannun ya rufe ido, hawaye na bin gefen da ya shanye. Har yau ba mu san abin da yake nufi ba. Na tabbata akwai amsa a kansa, cikakkiya, wataƙila ma wadda ba ta buƙatar ko sisi, kuma tana nan zaune da shi taku ɗaya daga inda Yaya take.

Washegari ta mayar wa Dogo ram ɗin. Na tambaye ta dalili.

Ta ce, "In ta yi jinkiri za su zage ni, kuma na iya jin zagi. In ta cinye musu kaya, ban san da wane ido zan kalle su ba."

Bature ya zo a ƙarshen mako don ya kwashe kayan daga tsohuwa zuwa sabuwa. Nan ma sai da aka tsaya, domin tsohuwar ta nemi kalmar sirri, kuma Injiniya kaɗai ya san ta. Aka kawo masa allon bugawa kan cinya. Hannunsa na hagu ya tafi da kansa ya danna haruffansa, yana tsayawa a tsakani, yana jiran na dama ya cike nasa kamar yadda suka saba. Na daman yana kwance kan matashi. Ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya ture allon. Bature ya ce, "Ba komai, Baffa, tunda injin yana hannunmu akwai wata ƙofar." Ya bi ta can ya shiga, amma ya yi aikin nan ne bai ƙara ɗaga ido ya kalli Baffansa ba.

Yawancin kayan sun fito lafiya. Wani ɓangare na faifan kuwa ya riga ya lalace, kuma a nan hotunan ƙungiyar teloli na shekarun baya suke. Yaya ba ta yi waya ba, da ƙafarta ta je. Shugabansu ya tsayar da keken ɗinkinsa ya saurare ta, ya ce ba komai, Allah ya ba Injiniya lafiya. Daga baya muka ji a cikin hotunan har da ɗinkin wani ɗan ƙungiyar da ya rasu, kuma ba wanda yake da kwafinsu.

Sabuwar saba ta fara aiki. Shirunta ya dami Injiniya, ya riƙa waiwayar ɗakin baya, sai Yaya ta bar ƙofar a buɗe yadda zai hango 'yar fitilarta. Aka samu makonni na kwanciyar hankali. Mai turare ma har ta ce shafinta ya fi da saurin buɗewa, Yaya ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba.

Sai ƙarshen zangon karatu ya zo, makarantar nan ta saka sakamako, ta aika wa iyaye saƙo cewa kowa ya shiga ya duba. Suka shiga, duka, lokaci ɗaya. Mun yi hutu, don haka ina shagon tun safe. Mai kyamis ne ya fara kira, ya ce shafinsa ba ya buɗewa. Kafin ta ajiye, mai masaukin baƙi ya kira. Ta shiga ɗakin baya ta kashe ta kunna, kamar yadda Bature ya koya mata. Sabar ta tashi, ta yi ɗan numfashi, ta sake sandarewa. Ta kira Bature, bai ɗauka ba, ya turo saƙo cewa suna taro. Ta kira Dogo, ya ce ko yanzu ta zo ram ɗin ya riga ya sayar, sai dai ya nema mata, kuma ya yi tsada. Ta sake kashewa ta kunna. Wayarta na ta ƙara a kan kanta, ni na koma mai ɗauka ina cewa a yi haƙuri ana gyara, alhali ba abin da ake gyarawa.

Injiniya yana kallon komai ta buɗaɗɗiyar ƙofar. Ya dafa hannun keken ya yunƙura zai tashi, ya tafi gefe, da ƙyar na tare shi. Nauyinsa ya kusa kayar da mu duka.

Wajen la'asar shugabar makarantar ta zo da kanta. Babbar mace ce mai tabarau, ta shigo da saurinta, da alama ta tanadi maganganu tun a mota. Ta ce iyaye sun cika mata ofis, wasu har suna cewa da gangan aka ɓoye sakamakon. Tana cikin faɗa idonta ya faɗa kan Injiniya. Ba ta gan shi ba tun kafin ya kwanta. Ta tsaya, ta cire tabarau, ta matsa ta russuna.

"Injiniya, ashe haka jikin ya yi. Sannu. Allah ya ƙara sauƙi."

"Madalla."

Ta juyo wurin Yaya, muryarta ta sauka. Ta ce, "'Yar'uwa, ban san abin da kike ciki ba ke nan. Ki yafe min. Ba laifinki ba ne." Ta mayar da tabarau idonta. "Amma ni ma akwai waɗanda ke sama da ni, kuma za su tambaye ni. Zango mai zuwa ba zan iya sake tsayawa gaban iyayen nan ba. Za mu ɗauke shafin. Ki haɗa mana kayanmu a hankali, ba gaggawa."

Yaya ta ce to. Ta raka ta har mota, ta yi mata godiya. Da ta dawo ta ce min da zagin ta matar ta yi, da ta samu abin riƙewa.

Da makarantar ta tafi, saba ta samu sarari, ba ta ƙara sandarewa ba. Sai dai abin da ke biyan layi da man janareta shi ne ya tafi. Yaya ta koma ƙaramin layi, ta daina tada janareta sai in akwai fotokwafi mai yawa. Baturan da mai batura ya yi magana a kai suka fara nuna shekarunsu. In an ɗauke wuta sai su riƙe na ɗan lokaci, daga nan shafuka duka su mutu sai an dawo da ita. Mai masaukin baƙi ya bi makaranta. Mai kyamis ya zo da kansa, ya kawo wa Injiniya maganin hawan jini kyauta, ya ce 'yarsa ta buɗe masa shafi a dandalin sada zumunta, ba a biyan komai, kuma a can mutane suke. Ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi.

Waɗanda suka rage ba su da yawa. Mai turare tana nan. Lauya yana nan, ina jin don bai taɓa buɗe shafin nasa ba. Teloli suna nan, shugabansu ya ce Injiniya ne ya fara saka su a intanet lokacin da ake musu dariya, ba za su tafi yana kwance ba. Abincin gidan yanzu daga fotokwafi da buga takardu yake fitowa, aikin da Yaya ta fara da shi tana budurwa.

Faifan nan biyu kuwa lafiyarsu ƙalau. Bature yana duba su daga can inda yake, ya ce ko tari ɗaya bai taɓa yi ba. Wata rana muna haɗa takardun wani ɗalibi, Yaya ta ce min, ba tare da ta ɗago ba, "Auta, da ram ɗin na ɗauka, kina ganin da makarantar tana nan?"

Na ce ban sani ba. Na ce wataƙila da faifan ne ya mutu.

Ta ce, "Wataƙila." Ta danna abin maƙala takarda.

'Yarsu ta matsa su tattara su koma wurinta. Mijinta mutumin kirki ne, ya ware musu ɗaki, kuma akwai asibitin gashi mai kyau a garin. Duk mun ce wa Yaya ta tafi. Ba ta ce a'a ba. Ta ce sai shekarar 'yan hayarta ta cika, don ba za ta kashe wa mutum shafi ba alhali lokacinsa bai ƙare ba. Sai dai kowa da watan da ya shigo. Kafin na mai turare ya cika, teloli sun sabunta nasu, kafin nasu ya cika, lauya ya aiko yaron ofishinsa da nasa, kuma Yaya ba ta iya mayar da hannun wanda ya miƙo mata. 'Yar ta yi fushi, ta huce, ta sake yin fushi. Yanzu in ta kira ba ta ma tada maganar, sai dai ta ce a kara wa Babanta wayar a kunne ta yi masa hira.

Jiya na biya bayan an tashi. Na tarar an ɗauke wuta, Yaya ta fito da Injiniya bakin shago yana shan iska, ita kuma tana zaune kan benci tana yanke masa farce. Wani ya zo da takardu, ta ce ya dawo in an kawo wuta. Na zauna kusa da ita, na karɓi ɗayan hannun.